Gwajin gubar fumfuna a jini

Gwajin gubar fumfuna a jini hanya ce ta gano yawan gubar da ta shiga jikin mutum ta abinci. Auna hatsin kaɗai ba ya isa, domin fumfuna ba ta kama buhu bai-ɗaya: 'yan ƙwayoyi na iya ɗauke da gubar, sauran lafiya lau.

Tarihi

An gano aflatoksin, ɗaya daga cikin gubobin fumfuna, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. Fumfunar Aspergillus flavus ce ke samar da ita, musamman a masara da gyaɗa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 masana irin su Christopher Wild da John Groopman suka daidaita gwajin jinin, aka jarraba shi a Gambiya da yankin Guangxi na Sin. A 2002 wani bincike kan yara 480 a Benin da Togo ya sami gubar a jinin kusan dukkansu, kuma ta fi yawa a jikin waɗanda suka tsumbure. An kuma yi amfani da gwajin a Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125.

Yadda yake aiki

Idan aflatoksin B1 ta isa hanta, takan rikiɗe zuwa sinadari mai manne wa furotin. Kimanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na gubar da aka ci yakan maƙale wa albumin, wani furotin da ke cikin jini. Rabin albumin yakan sabunta cikin kwana 20, saboda haka awo ɗaya yana nuna cimar wata biyu zuwa uku. Fitsari kuwa labarin kwana ɗaya ko biyu kawai yake bayarwa. Haɗarin sankarar hanta da aflatoksin ke jawowa yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, shi ya sa akan duba gubar da ciwon hantar tare.

Sauran gubobi

Okratoksin A takan daɗe a jini, sai bayan kwana 35 rabinta ke fita, don haka ana auna ta kai tsaye. An taɓa ɗora mata cutar ƙoda ta yankin Balkan na Turai, amma yawancin masana yanzu sun karkata ga gubar tsiron Aristolochia.

Fumonisin ba ta zama a jini. A fitsari ake nemanta.