Yaushe ɗan Adam ya fara taka nahiyar Amurka? Tambayoyi da amsoshi

Ta ina mutanen farko suka shiga?

Ta Siberiya. A zamanin ƙanƙara ruwan teku ya ja baya da kimanin mita 120, har mashigin Bering da ya raba Rasha da Alaska a yau ya zama tudu mai ciyawa. Binciken ƙwayoyin halitta ma ya nuna kakannin 'yan asalin Amurka daga arewa maso gabashin Asiya suka fito. Wannan kusan kowa ya yarda. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin.

Ba mutanen Clovis aka ce su ne na farko ba?

Haka aka daɗe ana koyarwa. A shekarun 1930 an tono tsinin masu na dutse haɗe da ƙasusuwan giwayen da can, kusa da garin Clovis a jihar New Mexico, masu shekara kimanin 13,000. Daga nan duk wanda ya kawo abin da ya girme su, sai a ce lissafinsa ne ya karkace. Tom Dillehay, wani masanin tono kayan tarihi, ya sha wannan. Ya tono Monte Verde a kudancin Chile, ya samu katakan bukkoki da wuraren hura wuta masu shekara 14,500, amma sai a 1997 wata tawagar masana ta je ta gani da ido, ta sallama.

Me ya sa ake ta maganar White Sands?

Saboda sawun ƙafar mutane da aka gano a wurin, a bakin wani tsohon tafki a New Mexico, yawancinsa na yara da matasa. A 2021 aka sanar cewa shekarunsa tsakanin 21,000 ne da 23,000. Masu suka ba su yi shiru ba: an gano shekarun ne ta auna sinadarin kabon a ƙwayoyin irin shuka da aka samu tare da sawun, kuma irin na tsiron ruwa ne, wanda kan zuƙi tsohon sinadarin kabon daga ruwa, sai ya nuna tsufan da bai kai ba. Sukar tana da ma'ana. A 2023 aka sake awo da garin furen itatuwan tudu da ƙwayoyin yashi, lissafi ya sake faɗawa wuri ɗaya.

A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi. Dutse ana iya musun cewa hannun mutum ne ya sassaƙa shi, sawu mai yatsu biyar kuwa ba ya musuntuwa.

To ta yaya suka wuce ƙanƙarar da ta rufe Kanada?

Idan sun iso kafin ƙanƙarar ta buɗe hanya ta tsakiya, mai yiwuwa ta gaɓar tekun Pasifik suka bi, wataƙila da kwalekwale. Matsalar, wannan gaɓar yanzu tana ƙarƙashin ruwa.

Maganar shekara 130,000 fa?

A 2017 wasu masana suka ce mutane ne suka fasa wasu ƙasusuwan dabba da aka samu a San Diego, a jihar California, tun shekara 130,000 da suka wuce. Yawancin masana ba su karɓa ba, don babu ƙashin mutum ko makamin da aka sassaƙa a wurin.