Rusa Rinin Masana'antu da Haske da Haɗin Sinadaran Nano

Wannan hanya ce ta tsabtace dagwalon masaƙu da majemu, inda ake zuba garin wani sinadari a cikin ruwan, a haska shi, sai ya farfasa ƙwayoyin rinin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ana kiran irin wannan sinadari fotokatalis. Idan an haɗa sinadarai biyu ko fiye, kuma girman ƙwayoyin ɗayansu bai wuce nanomita 100 ba, shi ne haɗin nano (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Tarihi

Matsalar ta girmi maganinta da fiye da ƙarni guda. A 1856 William Henry Perkin, yana ɗan shekara 18 a Landan, ya samar da rinin mobin, mai launin shunayya, yayin da yake ƙoƙarin haɗa maganin kwinin, daga nan kuma rinin da ake haɗawa a masana'anta ya mamaye duniya. An yi shi ne don ya jure wanki da rana, kuma wannan juriyar ce ke sa ya daɗe a kogi, yana tare haske daga tsirran ruwa.

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka wallafa a mujallar Nature cewa titaniyam dayoksaid na iya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin idan hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kansa. A 1977 Steven Frank da Allen Bard suka nuna cewa garinsa na lalata gubar sayanaid a ruwa. Gwaji a kan rini ya yawaita ne, a kimance, daga shekarun 1990. A 2009 Xinchen Wang da abokan aikinsa suka jawo hankali ga kabon naitiraid, wanda babu ƙarfe a cikinsa kuma yana aiki da hasken da ido ke gani.

Yadda yake aiki

Haske na tunkuɗa ilektoron, wato ƙaramar ƙwaya mai ɗauke da lantarki, daga mazauninsa a cikin fotokatalis ɗin, ya bar gurbi a baya. Gurbin yana haɗuwa da ruwa ya haifar da haidiroksil, wani sinadari mai tsananin ci, wanda ke tsinka ƙwayar rinin har ta koma ruwa da kabon dayoksaid da gishiri, idan aikin ya kai ƙarshe.

Titaniyam dayoksaid shi kaɗai yana da rauni biyu. Ultrabayolet kawai yake sha, wanda bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba, sannan ilektoron na saurin komawa gurbinsa tun kafin ya yi wani aiki. Shi ya sa ake haɗa shi da girafin (siririn fallen kabon) ko azurfa, don su janye ilektoron ɗin gefe. Wasu kan sa magnetait, sinadarin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, a tsakiyar ƙwayar garin, ta yadda bayan an gama, maganaɗisun da aka kara a jikin kwalba zai tattaro garin wuri guda.

Taƙaddama

Galibi ana gwaji da rinin metilin bulu, a lura da yadda shuɗinsa ke kwashewa. Wasu masana na ganin wannan ma'auni bai isa ba, domin rinin da kansa yana shan haske, kuma gushewar launi ba ta tabbatar da gushewar guba. Rukunin rinin da ake kira azo, alal misali, na iya tsinkewa ya bar sinadaran da wasunsu ke haddasa ciwon daji.

Amfani a yau

Yawancin aikin yana ɗakunan gwaji har yanzu, saboda dagwalo mai duhu ba ya barin haske ya ratsa shi.