Neman shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa a hannun masu koyon aiki

Wannan tsari ne da mai fama da ciwon damuwa, fargaba, rikicin aure ko alhinin rashi yake zama da ɗalibi mai karatun digiri na biyu ko na uku a fannin ba da shawara ko nazarin halayyar ɗan Adam, maimakon ƙwararre mai lasisi. Ɗalibin ba ya cin gashin kansa. Akwai malami mai lasisi da ke sa ido a kan aikinsa, kuma shi ne ke ɗauke da alhakin kula da mai neman shawarar. An fi samun tsarin a cibiyoyin koyarwa na jami'o'i, waɗanda ake danganta asalinsu da asibitin da masanin halayyar ɗan Adam Lightner Witmer ya buɗe a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1896.

Ma'aunin horo

A Amurka, hukumar CACREP mai tantance darussan ba da shawara ta sharɗanta matakai biyu na koyon aiki. Na farko awa 100 ne, 40 daga ciki ido da ido da masu neman shawara. Na biyu awa 600, 240 daga ciki ido da ido. Kowane mako ɗalibi yana zama da mai sa ido kusan awa ɗaya, sannan awa ɗaya da rabi tare da 'yan'uwansa ɗalibai. A Birtaniya, ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP tana buƙatar aƙalla awa 100 na aiki da mutane ƙarƙashin kulawa kafin a kammala horo. Waɗannan awoyi na sa ido su ne ƙashin bayan tsarin. Inda malami ba ya samun lokacin duba aiki da gaske, ingancin shawarar yana faɗuwa, komai ƙwazon ɗalibin.

Yadda ake farawa

Da farko akwai zaman tantancewa, ta waya ko a cibiyar. Ana tambayar abin da ya kawo mutum, magungunan da yake sha, barcinsa, shaye-shaye idan akwai, da ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Sau da yawa ana cika takardar PHQ-9, mai tambayoyi tara da maki daga 0 zuwa 27, don auna ciwon damuwa, da GAD-7 don fargaba. Ana maimaita su bayan 'yan makonni a ga ko makin yana sauka.

Sai takardar amincewa, wadda mutane da yawa ke sa wa hannu ba su karanta ba. A cikinta ne ake bayyana cewa mai ba da shawarar ɗalibi ne, da sunan mai sa masa ido, da cewa za a naɗi zaman a murya ko bidiyo don malami ya saurara. Wasu cibiyoyin suna da ɗaki mai gilashin da ake hangowa daga waje ba tare da na ciki ya ga mai kallo ba. Ke nan sirrin ba na mutum biyu ba ne. Yana kaiwa ga malami, wani lokaci har ga ƙaramin rukunin ɗalibai, duk da cewa dukkansu ƙa'idar riƙe sirri ta hau kansu. Ana iya fasa sirrin idan akwai haɗarin mutum ya cutar da kansa ko wani, ko ana cin zarafin yaro.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 50, sau ɗaya a mako. Kuɗin yana da sauƙi, wani wuri kyauta, wani wuri gwargwadon samun mutum.

Inda ake samun matsala

Babbar matsalar ita ce kalandar karatu. Ɗalibi yana gama wa'adinsa a ƙarshen zango ko shekara, ya tafi, daidai lokacin da mutum ya fara sakin jiki da shi. Miƙa mutum ga sabon ɗalibi yana nufin maimaita labarin daga tushe, kuma a nan ne wasu ke daina zuwa. Cibiyar kirki tana sanar da ranar tafiyar tun zaman farko, ta kuma keɓe zama biyu ko uku na ƙarshe don sallama da miƙa aiki.

Sabon ɗalibi yakan manne wa takardar tsarin jiyya, ya kasa bin abin da mutum ya zo da shi ranar, ko ya yi gaggawar ba da nasiha saboda shiru yana takura masa. Idan an yi tambaya mai nauyi, yakan ce sai ya tuntuɓi malaminsa. Wannan ba aibi ba ne, amma yana jinkirta amsa da mako guda. A ɗaya ɓangaren, ɗalibi yana riƙe da mutane kaɗan, don haka yakan shirya wa kowane zama sosai.

Ba kowa ake karɓa ba. Mai tsananin taɓin hankali, mai shirin kashe kansa a yanzu, da wanda jikinsa ke buƙatar kulawar likita yayin barin ƙwaya ko giya, ana tura su asibiti. Ɗalibin shawara ba ya rubuta magani.

A Najeriya

A nan galibi a asibiti ake haɗuwa da masu koyon aiki, irin su asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya kamata a bambance: likita mai neman ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, yana rubuta magani ƙarƙashin babban likita, amma ɗalibin nazarin halayya aikinsa gwajin halayyar marar lafiya ne da zaman tattaunawa. Marar lafiya yana da ikon tambayar matakin karatun wanda ke duba shi, sunan mai sa masa ido, wanda zai saurari abin da aka naɗa, lokacin da za a goge shi, da lambar da zai kira idan abu ya tsananta da dare.