Homon ɗin sitiroid da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa

Homon ɗin sitiroid rukuni ne na sinadarai da jiki ke ƙerawa daga kolestarol, suna bin jini suna kai saƙo ga sassan jiki. Daga cikinsu akwai kotisol, da isturojin da furojestaron, da testostaron. Mafi yawansu daga halittar adirinal da ke saman ƙoda suke fitowa, ko daga maraina, ko ma'ajiyar ƙwan mace. Yadda jiki ke haɗa su, ya juya wani ya koma wani, sannan ya rushe su, yana da alaƙa da cututtukan da ke kashe ƙwayoyin jijiya a hankali, irin su cutar Alzheimer da cutar Parkinson.

Tushensu ɗaya ne. Ana shigar da kolestarol cikin mitokondiriya, wato ƙananan sassan cikin ƙwayar halitta masu samar da kuzari, inda wani enzayim mai suna CYP11A1 ke mayar da shi firegnenolon, wanda daga gare shi sauran duk suke tsirowa. Da daɗewa an ɗauka cewa ƙwaƙwalwa karɓa kawai take yi daga jini. A 1981 masanin Faransa Étienne-Émile Baulieu da abokan aikinsa suka nuna cewa tana da nata sitiroid ɗin, domin ko an cire wa ɓera adirinal da maraina ana ci gaba da samun su a ƙwaƙwalwarsa. Kayan aikin ma a gida suke: nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana riƙe da kusan kashi 20 zuwa 25 na kolestarol ɗinsa, kuma da kanta take haɗa shi, tun da na jini ba ya iya tsallaka shingen da ke kare ta. Wannan ya sa binciken 1993 na Jami'ar Duke ya ja hankali, wanda ya gano cewa nau'in APOE4 na furotin mai dakon kolestarol yana ƙara haɗarin cutar Alzheimer.

Batun isturojin ne ya fi jawo gardama. Kusan biyu cikin uku na masu cutar Alzheimer a Amurka mata ne, kuma a ɗakin gwaji isturojin yana kare ƙwayoyin jijiya. Binciken asibitin Mayo na 2007 ya ƙara wa zancen ƙarfi: matan da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai kafin lokacin ɗaukewar al'ada sun fi fuskantar gigin tsufa da alamun karkarwa irin na Parkinson daga baya. Sai dai tun a 2003 wani babban gwaji a Amurka, wanda aka fi sani da WHIMS, ya riga ya nuna cewa ba wa mata masu shekara 65 zuwa sama isturojin haɗe da furojestin, wato furojestaron na haɗi, ya ninka haɗarin gigin tsufa. Daga wannan saɓani ne aka fito da hasashen lokaci, wato homon na iya amfani idan an fara shi dab da ɗaukewar al'ada, ya kuma cutar idan an jira ƙwayoyin jijiya sun fara lalacewa. Har yanzu hasashe ne, don haka likitoci ba sa rubuta shi a matsayin rigakafin gigin tsufa.

Shi kuwa kotisol, yawansa ne matsala. Sashen hifokamfus na ƙwaƙwalwa, inda ake ɗaure sabon abin tunawa, cike yake da makarɓan kotisol, wato furotin ɗin da homon ke kamawa don isar da saƙonsa. Masu cutar Cushing, waɗanda kotisol ya yi wa yawa, ana ganin wannan sashe nasu ya ƙanƙance, kuma yakan ɗan farfaɗo bayan magani.

Inda alaƙar ta fi fitowa fili shi ne cutar Kennedy, wadda aka bayyana a 1968, aka gano sababinta a 1991. Kuskure ne a ƙwayar gado mai tsara makarɓin testostaron, a kan kuromosom X. Makarɓin da ya sami tangarɗa ba ya zama guba sosai sai testostaron ya kama shi, sannan ya taru a cikin jijiyoyin motsi yana kashe su. Shi ya sa maza take kwantarwa, da raunin tsoka da wahalar haɗiya, mata kuwa galibi su ɗauke ta ba tare da alama mai tsanani ba. A gwajin ɓeraye, dandaƙa ta hana cutar bayyana. Da aka gwada magungunan rage testostaron a kan mutane, sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba.

Haka lamarin yake maimaituwa. Furojestaron ya kare ƙwaƙwalwar dabbobi bayan rauni, amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2014 ba su ga amfaninsa ga mutanen da suka bugu a kai ba. Alofiregnanolon, wanda ƙwaƙwalwa ke samarwa daga furojestaron, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2019, sai dai don damuwar bayan haihuwa ne. A kan cutar Alzheimer kuwa, bai wuce matakin gwaji ba.