Izinin Shimfiɗa Teburan Abinci a Bakin Titi a Birnin New York

Izinin cin abinci a bakin titi takarda ce da hukumar birnin New York na Amurka ke bai wa mai gidan abinci, domin ya fito da tebura da kujeru kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ko wajen ajiye motoci da ke ƙofar shagonsa. Filin na jama'a ne, aro kawai ake ba shi, kuma hukuma na da ikon karɓe abinta.

Kafin shekarar 2020, gidajen abinci kusan 1,200 ne ke da irin wannan lasisi, yawancinsu a gundumar Manhattan, cibiyar birnin. Dokokin tsara gari sun hana unguwanni da dama, ga tsada, ga jan lokaci. Da annobar korona ta sa aka hana cin abinci cikin shaguna a watan Maris na 2020, sai magajin gari Bill de Blasio ya fito da shirin gaggawa mai suna Open Restaurants a watan Yuni. Babu kuɗin lasisi, babu jiran jami'i: mutum ya cike takarda ta intanet, ya yi alƙawarin barin faɗin ƙafa 8 don masu wucewa, shi ke nan. Gidajen abinci sama da 12,000 suka shiga, kuma hukumar birnin ta ƙiyasta cewa ayyukan yi kusan 100,000 suka tsira.

Sai dai rumfunan katako da aka kakkafa sun zo da nasu. Wasu an ƙawata su, wasu kuwa masu su sun rufe shago sun bar su suna ruɓewa, ɓeraye na haihuwa a ƙarƙashin daɓensu. Mazauna unguwanni sun koka da hayaniyar dare da shara, har wasu suka kai ƙara kotu. Kukan masu keken guragu da makafi ya fi cancantar a saurara, don su ne hanya ke toshe wa tun farko.

A watan Agusta na 2023 majalisar birnin ta zartar da doka ta dindindin, magajin gari Eric Adams ya sa hannu. Sabon shirin, Dining Out NYC, yana hannun hukumar sufuri ta birnin. Dokar ta raba abin biyu: teburan da ke kan hanyar masu tafiya a ƙasa suna iya kwana da tashi duk shekara, na kan kwalta kuwa, wato wajen ajiye motoci, daga 1 ga Afrilu zuwa 29 ga Nuwamba kaɗai, domin a samu share titi da kwashe dusar ƙanƙara lokacin hunturu. Lasisi na shekara huɗu ne, dala 1,050 kowane iri, ban da kuɗin fili na shekara-shekara da ake lissafawa bisa faɗin wuri da darajar unguwa. An hana rumfa rufaffiya. Shingen da ke kare masu cin abinci daga motoci da ruwa ake cika shi maimakon yashi, daɓen kuma dole ya ɗagu a wanke ƙarƙashinsa.

Sharaɗin kwashe kaya duk shekara shi ne inda gizo ke saƙa. Mai babban gidan abinci yana da kuɗin kwance rumfa, da hayar ma'ajiya ta wata huɗu, da sake ɗaurawa a Afrilu. Mai ɗan shago a gundumar Bronx ko Queens, wanda shirin gaggawa ya buɗe wa ƙofa karon farko, da wuya ya iya. Lokacin da aka buɗe zangon farko na sabon tsari a 1 ga Afrilu 2025, waɗanda suka nemi izini ba su kai rabin na zamanin annoba ba, kuma masu gidajen abinci da wasu 'yan majalisar birnin sun ci gaba da neman a mayar da zama kan kwalta na duk shekara.