Ruɓa da farin ƙwaro a shingen kaktus, ƙyarana da aguwa

Manoma da masu lambu a yankin Gumel, Kazaure da Ɗambatta, kafin ku sayi maganin feshi saboda shinge ya fara lalacewa, ku sa safar hannu ko leda ku danna wurin da ya sauya launi. Idan da tauri kamar ɓawon itace, musamman a gindi, tsufa ne, a bar shi. Idan ya yi laushi, ya yi baƙi, yana tsatsar ruwa da wari, ruɓa ce, kuma maganin ƙwari ba ya yi mata komai. Nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Ruwa ne ke jawo ruɓa. Waɗannan tsirrai suna tara ruwa a jikinsu, don haka in marka ta sauka a Agusta, ruwa ya kwanta a gindinsu kwana biyu ko uku, saiwa ta rasa iska, fumfuna da ƙwayoyin cuta sai su samu ƙofa. Shingen da ke ƙasar laka ya fi na jigawa shan wahala. Abin da ya ruɓe ba ya dawowa. A yanke shi da wuƙa mai kaifi, a yi ta hawa sama har sai naman ya fito tas, babu ɗigon baƙi ko ja. Bayan kowane yanka a tsoma wuƙar a ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, in ba haka ba wuƙar ce za ta rarraba cutar. A barbaɗa garin farar wuta ko busasshiyar toka a bakin yankan. Reshen da ya tsira a ajiye shi a inuwa kwana 7 zuwa 14 har bakinsa ya bushe, sannan a dasa a kan kunya mai yashi. Kada a mayar da shi tsohon ramin. Dashen shinge kuwa, bazara ce lokacinsa, kafin ruwa ya zauna. Ƙananan tabo busassu da ke yaɗuwa, feshin magani mai sinadarin kofa (wato jan ƙarfe) yana tsayar da su, bisa awon da ke jikin ledar maganin.

Sai farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, wanda ke maƙalewa a gindin ƙaya da tsakanin rassa yana tsotsar ruwan tsiro. A murtsuke shi. Idan ya fitar da ja kamar jini a jikin kaktus mai faffaɗan ganye, a sanar da malamin gona nan take, domin irinsa ne ya ɓulla a Maroko a 2014 ya cinye gonakin kaktus masu yawa. Yawan zirga-zirgar tururuwa ma alama ce, zaƙin da ƙwaron ke fitarwa suke bi.

In kaɗan ne, tsohon buroshi da ruwan sabulu sun isa. In ya yi yawa, a daka rabin kilo na ƙwayar 'ya'yan darbejiya, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan gutsuren sabulu a ciki. Sabulun ne ke ratsa farin rufin ƙwaron. A yi feshi da yamma, don rana tana kashe ƙarfin darbejiya, tana kuma ƙona jikin tsiron da aka jiƙa. A maimaita duk bayan kwana 7, sau uku, saboda ƙwai na ci gaba da ƙyanƙyashewa. Reshen da ƙwaro ya lulluɓe a sare a binne da zurfi.

Muna roƙonku a kan idanu. Kaktus ɗin shinge ba shi da farin nono, amma ƙyarana da aguwa suna da shi, kuma na ƙyarana yana ƙona fata, yana iya lahanta gani. Kada a tura yara wannan aiki, kada a ƙona sararren reshe kusa da gida. Idan nonon ya fallatsa a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 ba tare da murzawa ba, a wuce asibiti a ranar.