Frankenstein a Ajin Kimiyya

Frankenstein ƙagaggen labari ne da Mary Shelley 'yar Ingila ta rubuta, wanda yanzu jami'o'i da dama a Amurka da Turai ke ba ɗaliban kimiyya da injiniya su karanta, don a tattauna alhakin da ke wuyan mai ƙirƙira in abin da ya ƙera ya fi ƙarfinsa.

Asali

Ta fara rubutun ne a 1816 tana da shekara 18, a bakin tafkin Geneva a ƙasar Suwizalan, shekarar da sanyi da ruwan sama suka tsare mutane a ɗaka saboda aman wutar dutsen Tambora na Indunisiya a 1815, sai mawaƙi Byron, wanda suke zaune tare a can, ya ce kowa ya rubuto labarin fatalwa. Littafin ya fito a Landan a 1818, kwafi 500, ko sunanta babu a jiki, sai a 1831 ta fitar da wanda ta yi wa gyara.

Ba daga sama ta tsinto maganar ba kam. Luigi Galvani, wani masanin kimiyya ɗan Italiya, ya riga ya nuna lantarki na motsa ƙafar mataccen kwaɗo, kuma a 1803 ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya jona wa gawar wani da aka rataye wuta a Landan har ta yi motsi, mutane na kallo. Shi Victor Frankenstein, jarumin labarin, ɗalibi ne a jami'ar Ingolstadt ta Jamus, ya harhaɗa halitta ya sa mata rai, da ya ga muninta sai ya gudu ya barta, daga nan fa kashe-kashe suka biyo baya.

Shigarsa aji

Fannin nazarin kimiyya, fasaha da al'umma ya kafu ne wajen ƙarshen shekarun 1960, a jami'o'i irin su Edinburgh da Cornell, littafin kuma a hankali ya samu shiga. A 2017 maɗaba'ar jami'ar MIT ta Amurka ta fitar da bugu na musamman mai sharhi don masana kimiyya da injiniyoyi, malaman jami'ar jihar Arizona ne suka tsara shi. Yau an fi jawo shi a darasin sauya ƙwayoyin halitta da ƙirƙirarriyar basira.

Saɓani

Wasu na ganin laifin Victor shi ne shiga hurumin da ba nasa ba, wasu sun ce watsar da abin da ya yi ne laifin. Akwai kuma masana da ke ƙorafin sunan ya zama abin tsorata jama'a, musamman tun 1992 da aka fara laƙaba shi ga abincin da aka sauya wa ƙwayar halitta.